Sabon Ginin Guduma

Ni mai gyaran firij ne, kuma ba na son a tsaya mini a ka ina aiki. Duk wanda ya taɓa kawo firij shagona ya san haka. Ka ajiye, ka faɗa mini abin da yake yi, ka kama gabanka. In ka tsaya kana leƙe kana cewa "ko gas ne ya ƙare," wallahi sai in miƙa maka sufana in ce bismillah, ga fili. 'Yata Auta halina ta kwaso kaf. Tun tana firamare, in tana zane ta ji takuna, sai ta kife takardar ta ɗora gwiwar hannu a kai. Shi ya sa da muka fara wasan dodanni na na'ura tare, babu wanda ya taɓa ce wa wani "nuna mini ginin naka." Kowa ya gina nasa a ɗakinsa, sai mun haɗu a fili.

Bari in yi wa wanda bai san wasan ba bayani, don na gaji da masu cewa wasan yara ne. Mutum biyu ne a kowane gefe, kowa da dodonsa ɗaya. Ba saurin yatsa ake so ba. Kowa zai zaɓi abin da dodonsa zai yi, sannan a sake su, wanda ya fi gudu shi ke fara motsawa. Aikin duk yana wajen gini. Ana ba ka maki ka raba su tsakanin ƙarfin duka, gudu, taurin jiki da yawan jini. Ka zaɓar masa dabaru huɗu, ba ƙari. Ka ba shi abu ɗaya ya riƙe a hannu. Sannan kowane dodo da halinsa, kuma halin yana ƙara masa wani abu ya rage masa wani. In lokaci ya ƙare ba a ka da kowa ba, gefen da ya fi sauran jini shi ya ci.

Auta ce ta koya mini, bayan rasuwar mahaifiyarta, lokacin da yayyenta duk suka yi aure suka bar mu mu biyu a gidan da ya yi mana yawa. Da farko tsiya nake mata. Wata rana na ce ta ba ni in gwada don in nuna mata shirme ne, to tun ranar ban ajiye ba.

Dodona sunansa Guduma. Ƙato ne na dutse, kai ɗan ƙarami, hannun dama kamar tukunyar gas. Halinsa zafin rai, wanda ke ƙara duka ya rage tauri, kuma Auta ta ce ba a banza muka haɗu ba. Makin duk na zuba masa a ƙarfi. Dabarunsa huɗu duka ne: naushi, babban naushi, turmushe, da wani naushin. In ya sami mutum, shi ke nan. In bai samu ba, shi ake fara kwasa. Na Auta kuwa tsuntsuwa ce siririya, Tsinke, ba abin da ya kai ta gudu a wasan nan. A da, kafin ka gyara zama ta tsaga dodo biyu ta koma ta tsaya tana gyaran gashi. A wajen gasa mutane kan taru a bayan kujerar Auta don su kalli Tsinke kawai.

Bara hawan jini ya kayar da ni a shago, tsakanin wata firiza da injin da na kwance. Dogo mai gyaran waya, wanda shagonsa ke jikin nawa, shi ya ji ƙarar faɗuwata ya kai ni asibiti. Na warke sumul, likita ma ya ce in ci gaba da aikina. Amma Auta ba ta warke ba. Ta ɓoye gishiri. Ta hana ni ɗaga firij ni kaɗai. In na yi tari a ɗaki sai in ga inuwarta a bakin ƙofa. Abin har cikin gem, wato wasan namu, ya shiga: ta cire wa Tsinke dabarun duka biyu ta sa na warkarwa. Da an taɓa Guduma sai ta bar abin da take yi ta zo tana ƙara masa jini. Muka koma ana cire mu daga gasa tun da wuri, masu kallo suka daina tsayawa a bayanta.

Ranar da ta zo da maganar, da azahar ne, ina kwance a ƙasa kaina a bayan wani firij ina nemo inda bututu ya tsage. Ta ajiye kular abinci a kan benci.

"Baba, sun kira ni."

"Su wa?"

"Babban asibitin nan da na nemi aiki. Ɗakin gwajin jini. Sun ce na samu."

Na fito da kaina har na bugu da jikin firij. "Kai! Masha Allah! Auta, wannan ai shi kika sha wahalar karatu a kansa!"

"Ba zan je ba."

"Me kika ce?"

"Tafiyar yini guda ce, Baba. In wani abu ya same ka fa? Sun ba ni zuwa Litinin in ba su amsa. Zan ce musu na gode."

Na tashi zaune. Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba, har Dogo ya leƙo ya koma. Na ce ni ba jariri ba ne, na ce shekaruna nawa ina riƙe da kaina kafin a haife ta, na ce in ta ƙi aikin nan don ni ban yafe ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta buɗe kula ta ce, "Ka ci da zafinsa, kuma ƙwayar rana tana cikin murfi." Ta yi mini kunnen ƙashi ta juya za ta fice. Da ta kai ƙofa ta juyo. "Asabar akwai gasa, kar ka manta. Na sa sunanmu."

Abincin nan ban ji ɗanɗanonsa ba, ba don rashin gishiri kaɗai ba. Tsoro ne ya kama ni. Na ga yarinyar nan za ta zauna tana gadina har ta tsufa, kuma da bakina ba zan iya tura ta ba, don duk abin da na faɗa ihu yake zama.

Da la'asar, aiki ya lafa, na ɗauki na'urata na shiga shagon Dogo. Shi ma yana taɓa wasan, ko da yake ya fi iya surutunsa da bugawa. Yana duƙe a kan wata waya da gilashin ƙara gani a ido ɗaya.

"Dogo, ina son in sake gina Guduma."

"A ƙara masa naushi na biyar?"

"Ban son iskanci. So nake ya zama ba ya faɗuwa. Kuma ba ya neman kowa ya ƙara masa jini."

Ya cire gilashin ya dube ni. Ya ji faɗan ɗazu, ya san inda na dosa. "Maigida, gem fa gem ne. Ka zauna da ita ku yi magana."

"Na yi magana, ka ji yadda ta kaya. Za ka taimaka ko in tafi?"

Ya jawo mini kujera.

Abu na farko, muka kwashe makin nan kaf daga ƙarfin duka. Ina kallon lambar tana sauka, raina yana sosuwa, kamar ina zuƙe gas daga firij mai lafiya. Na tattara su duka na zuba a taurin jiki. Dogo ya ce ba haka ake yi ba, na ce ya bar ni. Muka shiga gwaji da wasu baƙi a intanet, aka haɗa ni da wani abokin wasa da ban sani ba. Guduma ya sha naushi bai girgiza ba, na fara murmushi. Sai wani dodo mai hura wuta ya zo ya ƙona shi ƙurmus a bugu biyu. Ashe tauri naushi yake tarewa, wuta da ruwa kuwa jini suke ci kai tsaye.

"Na faɗa maka," in ji Dogo.

"Ba ka faɗa da ƙarfi ba."

Muka raba makin, kaso mafi yawa a jini, saura a tauri. Na ce a ɗan sa wani abu a gudu, kar ya zama kullum shi ne na ƙarshe. Dogo ya girgiza kai. Ya ce na ƙarshen nan shi ake so. In Guduma ne ke motsawa bayan kowa, to duk dukan da za a yi masa an riga an yi, sai shi kuma ya warkar da kansa, a shiga zagaye na gaba yana cike. In ya riga su motsawa, zai warke ne kafin a buge shi, aikin banza ke nan. Na juya maganar a raina. Gaskiya ce, kuma ta ba ni haushi da ba ni na gano ta ba. Muka bar gudu babu ko maki ɗaya.

Washegari muka zo kan hali. Zafin rai yana cin tauri, dole a canza shi. Dogo ya ce mafi sauƙi in ƙyanƙyashe sabon dodo irin Guduma mai sanyin hali, in ajiye tsohon.

"In ajiye wa? Dodon da muka yi shekaru tare? Kai in wayarka ta yi zafi yar da ita kake yi?"

"Wayar mutane nake gyarawa, tawa in ta dame ni canzawa nake."

"Shi ya sa ba ka da amana."

Akwai wata hanyar, mai wahala. Sai ka je wani tsauni a cikin wasan ka yi ta karawa da dodannin daji har ka samo wata saiwa da ake ba dodo ya ci halinsa ya juya. Na yi ta yi tsakanin aiki da aiki. In na sa injin zuƙe iska a firij, kafin ya gama na hau tsauni. Wata mata ta zo karɓar firizarta ta same ni ina zagin wani dodon kunkuru da ya ƙi ba ni hanya, ta tsaya tana kallona har na ji kunya. Da na samo saiwar na ba shi, sai aka rubuta a allo cewa Guduma ya zama mai haƙuri. Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Saura kai, Maigida. Babu ragowar saiwar?"

Abin riƙewa bai ba mu wahala ba. Da ƙarfen dambe yake riƙe da shi. Muka karɓe muka ba shi wani ganye da yake taunawa, kowane ƙarshen zagaye ya mayar masa da ɗan jini. Kaɗan ne, amma ga wanda ba ya jin duka, kaɗan ɗin ya isa.

Sai dabaru huɗu. Ta farko Katanga, wadda ke ƙara masa tauri duk lokacin da ya yi ta. Ta biyu Tsokana: ya buga ƙirji, duk abokan karawa su manta da abokin wasansa su yo kansa, kuma takan ɗauki 'yan zagaye kafin ta sake su. Wannan ita ce zuciyar ginin, don in duka yana kaina, Tsinke ba ta da abin tsoro. Ta uku Numfashi, ya zauna ya mayar da rabin jininsa da kansa. Uku ke nan, dabarun duka uku sun tafi. Saura gurbi ɗaya, kuma babban naushin nan yana zaune a ciki.

"Wannan ka bar shi," in ji Dogo. "Ko ba ƙarfi, dodo ba ya fita fili hannu rabbana. Ba ka san abin da zai faru ba."

Ni kuwa idona na kan wata dabara, Zuga. Ba ta yi wa mai ita komai. Abokin wasanka take ƙara wa ƙarfin duka, in ka maimaita ta ƙara ninkawa. Na hango Tsinke da dabarun dukanta biyu da suka rage, an zuga ta sau biyu sau uku, tana tsaga fili kamar da, mutane sun dawo bayan kujerar Auta.

"Naushin me zan yi da shi? Ita za ta yi duka."

"To ka tambaye ta me ta sa wa tsuntsuwar tata. Gini biyu ne, dole su dace."

"Mu ba ma haka."

"Ku wa?"

"Ni da ita. Ba na leƙa nata, ba ta leƙa nawa."

Dogo ya ɗaga hannu sama ya koma kan wayarsa. Na danna Zuga, aka tambaye ni ko na tabbata Guduma ya manta babban naushi. Na ɗan jima yatsana a sama kafin na ce e.

A gida ban ce komai ba. Auta ma ba ta sake tayar da maganar asibiti ba. Da safe takan ajiye mini ƙwaya kusa da kofi, ta tsaya har ta ga na haɗiye. Da yamma in na dawo ina jiyo ƙaramin kiɗan wasan daga ɗakinta, ƙofa a rufe. Na san ita ma tana shiri, na ce a raina madalla, tana wasa wuƙaƙen Tsinke.

Gasar a wani zaure ake yi, saman kantin sayar da kwamfuta. Tebura a jere, wayoyin caji sun bi ƙasa an danne su da salatif, fanka biyu a rufi ɗaya tana ƙara. Da na ji ƙarar na san gangar jikinta ce ta saki, na daure na wuce. A ƙofa alƙalin gasa yake karɓar na'urar kowa ya kulle ginin, daga nan babu canji har a tashi. Dogo ya rufe shago ya biyo mu, wai ya zo ganin mai haƙuri.

Aka haɗa mu da wata malamar makaranta da mijinta, mutanen kirki, mun saba gaisawa. Ita dodon ƙarfe take riƙewa, shi kuma na ruwa, dukansu masu duka. Aka haska karawar a babban allo.

Zagayen farko na zaɓi Tsokana. Tsinke ce ta fara motsawa kamar kullum, sai na ga ta buɗe fiffike ta lulluɓe Guduma da wani haske, irin garkuwar da ke rage zafin duka. Ban san tana da wannan ba. Na ce to, sabon abu ne, bari ta gama. Suka bugi Guduma, ya buga ƙirji. Auta ta juyo ta dube ni.

"Baba, me ke nan?"

"Ki yi wasanki."

Na yi Katanga. Na sake Katanga. Dodon ƙarfe ya kawo masa wani duka da a da shi ke aika shi gida, jinin ya ɗan motsa kaɗan, ya tauna ganye ya cike. Mijin malamar ya watsa masa ruwa, wannan ya ci da ɗan dama, Guduma ya bari kowa ya gama sannan ya zauna ya yi Numfashi, ya tashi garau. Na ji Dogo a bayana yana cewa, "Ka ga aiki!" Wani yaro daga teburin gefe ya miƙe tsaye don ya gani. Wallahi na ji daɗi har cikin ƙashina.

Sai na fara Zuga. Kibiya ja ta hau kan Tsinke. Na sabunta Tsokana, na sake Zuga, kibiya ta zama biyu. Amma kowane zagaye, da an saki dodanni, Tsinke ce ke fara tashi, ta nufi Guduma da dabarar warkarwa, a rubuta a allo: jininsa a cike yake. Ta dawo ta tsaya. Zagaye na gaba ta gwada ɗaya dabarar, a sake rubuta haka. Ita ta fi kowa gudu, shi ya fi kowa nawa, duk sanda ta iso ya riga ya gyara kansa tun ƙarshen zagayen baya.

"Auta, ki bar ni, lafiyata ƙalau. Ki buga!"

Na yi Zuga ta uku. Tsinke har wani ja take yi don ƙarfi, ko ɗan taɓi ta yi wa dodon ruwan nan ya tafi.

"Ki buga mana! Me kike jira?"

"Ba ni da abin bugawa, Baba."

A hankali ta faɗa, idonta a kan na'urarta. Sai ta karkato mini da ita. Tun da muka fara wasan nan ban taɓa ganin allonta ba sai ranar. Dabaru huɗu: garkuwa, warkarwa, wata warkarwar, da mai cire dafi. Duk huɗun a kan abokin wasa suke aiki. Ko ɗaya babu wadda Tsinke za ta yi wa kanta, balle ta taɓa wani.

"Kai fa?" ta ce. "Ka yi naushin."

Na karkato mata tawa.

Dogo ya ce, "Innalillahi," ya ja kujera ya zauna.

Haka muka ci gaba, don ba a fita daga karawa sai lokaci ya cika. Malamar da mijinta suka yi ta dukan Guduma har suka fara dariya, mijin ya ce, "Baba, don Allah ka faɗi mu je mu sha ruwa." Guduma bai faɗi ba. Tsinke tana tsaye a gefensa da kibiyoyinta ja, babu mai kula ta, babu abin da za ta yi. Can Auta ta daina zaɓen warkarwa. Sai ta danna mai cire dafi, a rubuta babu dafi a jikinsa, ta sake dannawa. Ina satar kallonta. Ba fushi ne a fuskarta ba, kallon allon kawai take yi kamar yau ta fara ganinsa.

Lokaci ya cika daidai bayan sun bugi Guduma, jininsa da ɗan giɓi, su kuwa ko ƙwarzane babu. Alƙali ya ba su nasara. Malamar ta miƙo wa Auta hannu, ta ce mini, "Baba, ginin nan naka mugu ne. Da akwai mai duka a gefenka da tuni muna gida." Na yi yaƙe na ce Allah Ya ba da sa'a a gaba.

Dogo ya ce zai tsaya ya ga ƙarshen gasa. Na san ba gasar ce ta tsayar da shi ba. Muka sauko matakala ni da Auta, ita ke rungume da na'urorin biyu. Rana ta yi sanyi, masu shaguna sun fara jawo kayansu ciki. Babur ɗina yana gindin wata bishiya a gefen titi.

"Yaushe kika cire sauran biyun?" na tambaya.

"Cikin satin nan. Na ga waɗanda za su zo, duk masu duka ne. Na ce in ban rufe ka ba, ba za ka kai ko'ina ba."

"Tsinke kuma fa? Wa zai gan ta?"

"Tsinke ta daɗe ba a gan ta ba, Baba."

Na share kujerar babur da hannu, ko da yake babu komai a kanta.

"Da gangan ka yi," ta ce.

"Ni ban san kin cire duka ba."

"Ba shi nake nufi ba. Ginin. Wa ya koya maka barin gudu babu maki?"

"Dogo. Amma saiwar ni na samo da kaina."

Ta ɗan yi murmushi, sannan ya ɓace. "Tun daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya ba ka buƙace ni ba. Ina ta zuwa, ana ta ce mini a cike yake."

Abin da na yi kwanaki ina ginawa ke nan don ta faɗa, kuma da ta faɗa sai na ji kamar an cire mini wani abu a ƙirji da filaya. Na so in ce mata ƙarya ne, dodo ne na dutse a cikin na'ura, ni ba ni da ganyen taunawa, gidan nan in ta tafi ban san yadda zan yi da shirunsa ba. Maganar ta zo har bakina. Na haɗiye ta.

"To ai kin gani," na ce.

Ta daɗe tana kallon titi. Wata motar kaya ta wuce, muka jira ƙararta ta yi nisa.

"Ƙwayar safe da ta rana ba iri ɗaya ba ce. Kullum sai ka haɗa su."

"Zan bambanta."

"Kuma firij in ya wuce ƙarami, ka kira Dogo."

"Zan kira shi."

"Litinin zan ce musu ina zuwa."

"Madalla," na ce. "Allah Ya yi miki albarka." Muryata ta fito daidai, na gode wa Allah.

Na hau babur na taka. Bai tashi ba. Na sake takawa, na sake, na murɗa mai, na zage shi, na zagi wanda ya sayar mini da shi. Gumi ya fara keto mini, idona ya cika har ban ganin agogon gaban sosai. Makulli yana nan a kashe, ban murɗa shi ba. Auta tana tsaye dab da ni, kuma na san ta gani, don na ga hannunta ya motsa ya nufo wajen. Sai ta mayar da shi ta rungume na'urorin. Ta tsaya tana jira har na gano da kaina.